Asabar Ta Manaja Ce

"Asabar ɗaya ce fa, Auta. Ɗaya tak! Ai ba cewa na yi a kore su har abada ba."

"Gwaggo, su ba su san ɗaya tak ba. Asabar kawai suka sani."

"To ki sanar da su mana, bakin me gare ki? Ki kira iyayensu ki ce muna da baƙi, su yi haƙuri sai wani satin." Ta tura gilashinta sama da ɗan yatsa, ta nuna bango da haɓa. "Wancan hoton ma a shigar da shi ɗakin uwarki kafin ranar. Ba don komai ba, cika falon ya yi."

Na juya na kalli hoton. Masu karatu, ku taya ni gani: hoton da bai kai faɗin tiren shayi ba, wai shi ne ya cika falon da ya ɗauki kujeru da kabad da Gwaggo kanta da jakunkunanta. A ciki Manaja ce, sanye da doguwar rigarta ruwan ƙwai, ɗankwali a karkace, tana dariya har idanunta sun ɓace.

Na kau da kai daga hoton. In na buɗe baki a lokacin kuka ne zai fito, Gwaggo kuwa ba ta jure kuka da sanyin safiya.

Bari in warware muku zancen. Ranar Asabar da la'asar Hajiya, mahaifiyar Likita saurayina, za ta zo gidanmu. Ba zuwan manya ba ne tukuna, zuwan gani da ido ne: ta ga Mama, ta ga gida, ta ga yarinyar da ta hana ɗanta sukuni. Gwaggo, yayar marigayi Babanmu, tana jin labari ta haɗo kayanta ta tare a wurinmu. Ta sa an sauke labule an wanke, ta sa an juya kujeru, ta zaɓar mini leshi ruwan toka wai ya fi nuna natsuwa. Matsalar guda ce. Gidanmu a saman shagonmu na wanki da guga yake, kuma babu yadda za ka hau benen ba ka ratsa ta cikin shago ba. Ranar Asabar da la'asar kuwa shagon ba namu ba ne. Na Manaja ne da mutanenta.

Manaja yayata ce. Mu biyu Mama ta haifa. Likitoci suna da sunan da suke kiran larurar da aka haife ta da ita. Sun ce za ta yi jinkirin tafiya, za ta yi jinkirin magana, karatu sai abin da Allah ya yi, sannan zuciyarta ba ta da ƙarfi. Duk gaskiya suka faɗa. Abin da suka manta ba su gaya wa Mama ba shi ne, shugaba ta haifa.

Baba ne ya raɗa mata sunan, ranar da ta ɗare kujerar kantar shago tana 'yar mitsitsiyarta, ta buga ƙararrawa, ta ce masa ya makara. Daga ranar aka ba ta igiyar makullai ta rataya a wuya. Babu ƙofar da makullan nan suke buɗewa a duniya, amma ka taɓa su ka ga tashin hankali. Ba ta riƙe sunan kowa ba, da kayansu take gane mutane. "Ga mai wandon da ya sha mai!" "Ga matar zanen gado mai fure!" Akwai wani babban mutum mai ƙaton tumbi da direba, da ta taɓa ɗaga wuyan rigarsa a gaban jama'a ta ce, "Kai, ba ka wanka ne?" Mama ta kusa nutsewa ƙasa. Mutumin ya yi dariya har ya dafa kantar shago, kuma bai sake aiko direba da wanki ba, da kansa yake kawowa don a yi masa faɗa.

Kullum sai ta kori Mama daga aiki. Laifin yakan zama an hana ta alawa, ko an ce ta sa takalmi.

"Mama, na kore ki. Ki tafi gidanku."

"To, Manaja. Wa zai haɗa miki shayi?"

Sai ta karkata kai tana tunani kamar mai yanke babban hukunci. "Ki haɗa. In kin gama na kore ki."

In injin wanki ya kai wurin matse kaya, ya fara wannan girgizar tasa yana buga ƙasa, Manaja takan ajiye duk abin da take yi ta shiga rawa. Kafaɗa, ƙugu, makullai suna kacau-kacau. A wurinta kiɗa ne aka sa mata, kuma rashin kunya ne a yi maka kiɗa ka zauna. Zanen gado in ya fito daga injin busarwa da ɗuminsa sai ta rungume shi ta tura fuska ciki ta ce, "Ƙanshin rana." Ni takan kira ni Yarinya, har na yi tsawon da sai ta ɗaga kai take ganin fuskata. In na yi kwalliya zan fita ta tare ƙofa ta duba ni sama da ƙasa, ta tofa yawu a yatsa ta gyara mini gira. "Yanzu kin yi kyau. Da ba ki yi ba."

Amma babban aikinta, wanda ya jawo mu cikin wannan rigimar, shi ne auren safa.

Duk mai shagon wanki ya san wannan masifar: safa biyu suke shiga inji, ɗaya ta fito. Baba yana da kwandon da yake tara marasa 'yan'uwa, in ya cika ya zubar. Ranar da Manaja ta kama shi zai juye kwandon a shara, kukan da ta yi har mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya taso. Ta ɗauko wata 'yar ja mai ɗigo-ɗigo ta ɗaga masa.

"Baba, ita kaɗai za ta kwana?"

Baba ya mayar da kwandon inda yake.

Tun daga nan kwandon ya zama kwandon gwauraye, kuma kowace Asabar da la'asar ana ɗaura musu aure a kan teburin ninki. Ta gayyato abokanta na makarantarsu. Akwai Kyaftin, dogon saurayi da ba ya wuce kowa sai ya ƙame ya sara masa. Shi ne mai tsaron ƙofa, shi ne shaida. Akwai Mai-Jaka, 'yar gajeruwa mai sanyin murya, da ba ta rabuwa da wata koriyar jaka ko banɗaki za ta. Ita ke zaɓo amarya. Wasu kan zo in iyayensu sun samu sarari. Manaja ta zura hannu cikin ango, ta zura ɗayan cikin amarya, ta kai ango kunnenta.

"Kana sonta? ... Ya ce yana so." Ta kai amarya. "Ke fa? ... Kunya take ji." Ta ƙara saurarawa. "Ta ce to."

Wani lokacin kuma ta ɓata rai ta girgiza kai. "Wannan ba ta so. Wai ya cika tsawo. A mayar da shi." Kuma mayar da shi za a yi, ko da shi kaɗai ya rage. In an dace, a ninke su tare, Kyaftin ya hura usur, a kunna injin wanki babu komai a ciki don a samu kiɗa, Mama ta sauko da shayi da biskit. Ma'auratan kuwa a ƙafar Manaja suke tarewa. Ban taɓa ganinta da safa iri ɗaya ba. Ja da shuɗi, mai zane da mai ɗigo, ta yaro da ta ƙato.

Bara zuciyar ta gaji. Ba ta daɗe a asibiti ba, kuma ko a can sai da ta gaya wa wata nas cewa gugar rigarta ba ta yi ba, ta kawo shago a gyara mata. Ranar da ta tafi hannunta yana cikin nawa, da ɗuminsa, kamar zanen da ya fito daga inji.

Mutane sun cika gida, Allah ya saka musu. Sai dai akwai maganar da na ji har kunnena ya gaji: "Allah sarki, ta huta. Ku ma kun huta." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, na sani. Amma mun huta da me? Da dariya? Da mai korar Mama daga aiki? Gidan ya yi tsit har ana jin ƙarar firji.

Asabar ɗin farko bayan rasuwar, muna zaune a ƙasa ko fitila ba mu kunna ba, aka ƙwanƙwasa. Kyaftin ne, ya sha guga, Mai-Jaka a bayansa. Ya ƙame ya sara wa Mama.

"Ina Manaja?"

An gaya musu, iyayensu sun yi musu bayani. Mama ta sake yi, a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya leƙa kwandon.

"To wa zai ɗaura?"

Mama ta kalle ni. Tun ranar ni ke ɗaurawa. Ban iya ba, kullum Mai-Jaka sai ta ja mini hannun riga ta ce ban tambayi amarya da kyau ba. Amma ba su taɓa fashi ba, mu ma ba mu taɓa rufe ƙofa ba.

Shi kuwa Likita bai san wannan ba sai a baki, don Asabar ce ranar da ya fi cika da marasa lafiya. Likitan haƙori ne, a wayata ma Haƙori na sa masa don kar Gwaggo ta gane. Bayan rasuwar ya fara kawo fararen rigunansa na asibiti. Na lura rigunan suna dawowa da ƙanshin sitacinmu, ko ninkin bai warware ba. Wata rana na ce masa, "Malam, wannan rigar ai ba a sa ta ba." Ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙura ce ba ta ganuwa." Masu karatu, na karanta labaran soyayya har idona ya yi zafi, na san duk dabarun samari, amma mutum ya riƙa biyan wankin riga mai tsabta don ya gan ni na minti kaɗan? Nan na faɗi. Yana da sanyin hali, yana da wata 'yar lotsawa a kumatu in zai yi murmushi, kuma in ina magana yakan ajiye waya ya juya ta ƙasa. Ranar da na ba shi labarin yayata, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ta huta."

Na haɗiye. Na ce ai bai san ta ba.

Da Gwaggo ta shiga kicin na zauna a matakalar bene na rubuta masa.

"Kana da mara lafiya?"

"Yanzu na sallami wani yaro da ya cije ni. Ya gimbiyata?"

"Gwaggo ta ce in hana su Kyaftin zuwa ranar Asabar saboda Hajiya."

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Na ƙura wa ɗigon nan uku na allon waya ido.

"Kar ki ji haushina. Ina ganin Gwaggo tana da gaskiya, na wannan karon kawai. Hajiya mutuniyar kirki ce, amma tana da yawan tambaya. Ta riga ta tambaye ni ko abin yana bin jini. Ni ba na tsoron komai, ke nake so. So nake ta fara ganinki ke kaɗai, ta so ki, sauran in yi mata bayani a hankali."

"Sauran?"

"Kin san abin da nake nufi, Auta."

Na sani. Abin da ya fi ciwo ke nan, babu mugunta a maganarsa ko ɗigo. Tsoron rasa ni yake yi. Ni ma tsoron rasa shi nake yi.

Na sauka shago. Mama tana guga, tururi yana tashi, ta ɗaura tsohon zanenta na aiki, tsintsiyar hannunta duk tabon dutsen guga. Ba ta ɗago ba.

"Mama, ke ba ki ce komai ba."

"Me zan ce?" Ta juya hannun riga ta danna. "Biyu na haifa, ban taɓa ɓoye ɗaya don ɗaya ta samu shiga ba. Amma ita yanzu babu abin da zai same ta. Ba ta jin kunya, ba ta jin haushi. Ke ce a raye. In yaron nan ya kuɓuce miki saboda yini ɗaya, ban san da idon da zan kalle ki ba."

"In na hana su zuwa fa?"

Dutsen gugar ya tsaya a wuri ɗaya har na ji tsoron rigar mutane. "Sai in hau sama in yi shayi na baƙi," ta ce. "Kofuna ne dai, a canza."

Gwaggo ta sauko tana riƙe da ƙarfen bene, tana nishi. Ta ji mu. Ta ja kujera, ba kujerar Manaja ba, ko ita ba ta zama a wannan.

"Kina ganin ban so ta ba ko? Ni na fara ɗaukarta a asibiti, uwarki tana kuka, ubanki ya rasa inda zai sa kansa. Gwaggo Faɗa take ce mini, kuma duk duniya ita kaɗai na bari ta faɗa." Ta cire gilashi ta goge da bakin mayafi. "Amma na ga aure ya watse a kan abin da bai kai wannan ba. Mace ta shigo, ta ga yaro yana sara mata, ta ga ana aurar da safa ana rawa da inji, ta ɗaga kai ta ga hoto. Ba za ta ce komai ba, za ta sha shayinta ta yi godiya. A mota za ta yanke hukunci. Ki shiga gidan tukuna, 'yar nan. In kin shiga, ki rataya hoton a goshinki ma."

Wallahi na kusa yarda. Na ɗauko waya, na nemo lambar mahaifiyar Mai-Jaka, ina haɗa kalmomin a raina: mun yi baƙi, a yi haƙuri, sati mai zuwa. Kafin in danna sai ga saƙon murya ya shigo daga lambar. Na buɗe, ban lura sautin yana sama ba.

Numfashi ne ya fara fitowa, kusa da waya sosai. Sannan 'yar muryar nan.

"Anti Yarinya. Ni ce. Mama ta ce jibi Asabar. Na samo ango. A bayan gadonmu yake, baƙi ne, yana da rami a nan." Shiru. "Na wanke shi. Yana cikin jakata. Ki gaya wa ta kwando mai fure kar ta damu." Wani shirun, ana jin mahaifiyarta daga nesa tana cewa ta yi sallama. "Anti Yarinya, kin iya yanzu. Kaɗan."

Saƙon ya ƙare. Mama ta kafa dutsen guga a tsaye ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Gwaggo ta buɗe jaka tana neman abin da babu shi.

Ni kuwa tunani ɗaya ne ya tsaya mini. In na ce musu kar su zo, Mai-Jaka ba za ta yi fushi ba. Za ta ce to. Za ta zauna a gida da ango a jaka, ta tambayi mahaifiyarta ko laifi ta yi. Kuma ba Asabar ɗaya ba ce, ƙarya muke yi wa kanmu. Bayan Hajiya akwai 'yan'uwanta, akwai ranar biki, akwai ranar da zan haihu a zo a leƙa fuskar jaririn ana satar kallon juna. Kowace rana da hoton da za a ce ya cika falo.

Na danna kiran Haƙori, na sa a sifika, na ajiye wayar a kan teburin ninki.

"Auta, me kike yi?" in ji Gwaggo.

Ya ɗauka a bugu na biyu, ana jin ƙarar na'urarsa tana mutuwa. "Gimbiya? Lafiya?"

"Lafiya lau. Mama da Gwaggo suna jinka."

Nan take muryarsa ta canza, ya shiga gaisuwa har da durƙuson da ba a gani. Na bari ya gama. Na dafa tebur.

"Ranar da na ba ka labarin yayata ka ce ta huta. Ban ce maka komai ba, don ba ka san ta ba. Ba wahala ta sha ba, Likita. A gidan nan babu wanda ya kai ta jin daɗin duniya, mu ma a gefenta muka samu namu."

"Auta, ban nufi..."

"Na sani. Shi ya sa nake so ka gani da idonka, kai da Hajiya, tun yanzu, ba sai na shiga gidanku ba."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Mama ta juyo, idonta jajir, amma ba ta hana ni ba.

"Ka gaya wa Hajiya muna maraba da ita ranar Asabar da la'asar," na ce. "Ka gaya mata za ta tarar muna da biki a shago, wani dogon saurayi zai sara mata a bakin ƙofa, kuma duk tambayar da take da ita ni za ta yi wa, zan amsa. Kai ma ka rufe asibiti ka zo. Ba zan kira kowa in ce kar ya zo ba."